Kafin a Sayi Fili: Yadda Waya ke Gano Tsohon Kududdufi da Ramin Haƙa

A watan Maris kowane fili yana da kyau. Ƙasa ta bushe, ciyawa ta mutu, dillali ya tsaya a gefe yana nuna iyaka da makullin babur: ƙafa 50 a faɗi, 100 a tsawo, kusa da titi, ga sauƙin kuɗi. Mai saye ya ɗauki hoto ya tura wa 'yan uwa ta WhatsApp, a yi ciniki. Sai watan Agusta ya zo a ga ruwan unguwa gaba ɗaya ya nufo wurin ya kwanta. A lokacin ne wani dattijo zai ce ai nan kududdufi ne a da, a nan suka koyi iyo suna yara.

Wayar da aka ɗauki hoton filin da ita tana iya faɗin wannan tun kafin a biya kuɗi. Rami ba ya ɓacewa don an cike shi. Yana barin alama a siffar ƙasa, da launin ciyawa, da inda ruwa ke tsayawa, kuma hotunan tauraron ɗan adam na shekarun baya suna nan a ajiye, yawancinsu kyauta. Abin da ake buƙata shi ne sanin irin ramukan da ake da su, da yadda ake bambanta wanda ruwa ya yi da wanda hannun mutum ya tona.

Tafkunan da suka yaudari masana

Wannan aiki yana da tarihi a Ingila. A gabashin ƙasar, a gundumar Nofok, akwai jerin manyan tafkuna da ake kira Broads, waɗanda masu yawon buɗe ido ke shiga da kwale-kwale. An daɗe ana ɗauka cewa halitta ce. A farkon shekarun 1950 wata masaniyar tsirrai mai suna Joyce Lambert ta riƙa soka dogon ƙarfe mai rami a cikin laka tana zaro ƙasa, wuri bayan wuri, don ta ga yadda ƙasan tafkunan yake. Tafkin halitta bakinsa kan gangara ne a hankali kamar kwano. Ita kuwa sai ta tarar da bakin a tsaye kamar bango, ƙasan a shimfiɗe, ga kuma wasu dogayen kunyoyi a miƙe da aka bari tsakanin rami da rami. Da aka duba tsofaffin takardun coci-coci da na masu filaye, sai aka ga cewa tsakanin ƙarni na 12 da na 14 mutane sun riƙa yanko wata baƙar ƙasa ta ruɓaɓɓun tsirrai a wurin, suna busar da ita suna girki da ɗumama ɗaki. Daga baya ruwa ya cika ramukan, aka manta da asalinsu. An buga cikakken binciken a 1960.

A wannan gunduma dai akwai dubban ƙananan ramuka a tsakiyar gonaki, inda manoma suka haƙo wata laka mai alli suna watsawa a gona don gyara ƙasa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da manyan tarakta suka shigo, aka cike da yawa daga cikinsu. Masu bincike na jami'ar UCL da ke Landan sun gano su ta hanyar ɗora tsofaffin taswirori a kan sababbi, suka ƙirga fiye da 8,000 da aka binne. A 2017 sun wallafa cewa da suka sake tona wasu, irin tsirran ruwa da ya yi shekara 50 zuwa 150 a binne ya tsiro.

Hanyar da suka bi tana aiki a ko'ina: a dubi bakin rami, a nemi inda ƙasar da aka fitar ta tafi, a kwatanta hoton da da na yanzu.

Ramukan da ke ƙasar Hausa

Mafi yawa shi ne kududdufi. Garin da aka gina da ƙasa, daga gefensa aka tono ƙasar. Kowane tubali, kowane soro, kowace katanga ta bar gurbinta a wani wuri, kuma duk shekara bayan damina ana komawa ɗibar ƙasar yaɓe. Shi ya sa girman kududdufi kan yi daidai da girma da daɗewar garin da ke kusa da shi. Siffarsa ba ta da tsari, bakinsa kamar an gatsa, domin mutane daban-daban ne suka riƙa ɗiba a lokuta daban-daban.

Na biyu shi ne ramin ganuwa. Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwar Kano, sarakunan baya suka faɗaɗa ta. Ƙasar da aka ɗaga ganuwa da ita daga gindinta aka haƙo ta, ramin ya zama ƙarin kariya. Haka yake a Zariya da Katsina da ƙananan garuruwa masu yawa da yanzu sun zama kufai. Daga sama, ko da ganuwar ta zube, ana ganin ramin a matsayin zobe ko lanƙwasasshen layi mai duhu a tsakiyar gonaki, wani lokaci ya rabu ya zama jerin ƙananan tafkuna da ke bin sahu ɗaya.

Na uku shi ne ramin burji. Duk inda aka shimfiɗa titi ko layin dogo, an ɗebi jar ƙasa da tsakuwa daga kusa. Katafila ce ke wannan aiki, don haka ramin kan zo da kusurwa huɗu da baki a miƙe, da gangare guda ɗaya inda tifa ke shiga da fita. Wanda ya bi babban titi a taswira zai gan su suna maimaituwa a gefen hanya.

Na huɗu shi ne ramin kuza. A tsaunin Jos, kamfanonin Turawa sun fara haƙar kuza gadan-gadan a farkon ƙarni na 20, kuma daga 1942 zuwa 1944, bayan Japan ta kama ƙasar Malaya, an kwaso mutane daga lardunan Arewa aka sa su aikin tilas a ramukan. Abin da ya rage a yau a kewayen Bukuru da Rayfield da Barkin Ladi shi ne tafkuna masu zurfi, kowanne da tulin ƙasa a gefensa. A irin wannan haƙa ne aka ci karo da mutum-mutumin yumɓu kusa da ƙauyen Nok a 1928, aka sake samun wani kai a yankin Jama'a wanda ya isa hannun Bernard Fagg a 1943, daga nan duniya ta san al'adar Nok.

Na biyar shi ne wurin fasa dutse. Misalin da matasa suka fi sani shi ne na Mpape a Abuja, wanda aka ɗebi dutsen gina birnin daga cikinsa aka bar shi ruwa ya cika, sai a 2020 hotunansa suka bazu a Instagram da Twitter, mutane suka riƙa tururuwa zuwa ɗaukar hoto. Bangon irin wannan rami dutse ne a tsaye, sau da yawa hawa-hawa kamar matakala.

Duk waɗannan aikin mutum ne. Na halitta kuwa suna bin ruwa. Tafkin fadama yana kwance a mafi ƙasƙancin wuri, bakinsa ya gangara a hankali, yana faɗaɗa da damina ya tsuke da rani. A gefen kogin Haɗeja da na Rima ana ganin tafkuna masu siffar lauje, waɗanda tsohuwar hanyar kogi ce da ya bari ya canza hanya. A arewacin Yobe da yankin Damagaram akwai kwaruruka tsakanin tuddan yashi inda ruwa da kanwa ke taruwa.

Tambayoyi huɗu da ke warware yawancin ramuka

Ta farko, a ina ramin yake? Ruwa ba ya hawa tudu. Idan an ga tafki a kan tudu, ko a gefen gangare, babu rafin da ke shiga babu wanda ke fita, to galibi tona shi aka yi.

Ta biyu, yaya bakinsa yake? Miƙaƙƙen layi da kusurwa da bango a tsaye alamun kayan aiki ne. Idan gefe uku a tsaye suke, ɗaya kuma ya gangara a hankali, wannan gangaren shi ne ƙofar jakuna ko tifa.

Ta uku, ina ƙasar ta tafi? Wannan ita ce ta fi amfani. Mai haƙar ma'adini ba ya son ƙasar sama, sai ya zubar da ita a gefe, don haka ramin kuza yana tare da tulinsa. Mai gini kuwa ƙasar yake so, sai ya kwashe ta gaba ɗaya, don haka kududdufi da ramin burji ba su da tuli. Ramin ganuwa ƙasarsa tana nan a gefe ɗaya kawai, a jere tare da shi. Madatsar ruwa ta ƙauye kuma ƙasarta tana tare a ɓangaren da ruwa zai fita.

Ta huɗu, me ke kusa da shi? Rami babba ba ya rasa abin da aka gina da shi. Manhajar Google Earth tana da ma'aunin faɗi da tsawo. Ramin da ya kai mita 40 a tsawo, 30 a faɗi, 2 a zurfi, an fitar da ƙasa mita kubik 2,400 daga cikinsa, wato tifa 240 idan kowace tana ɗaukar 10. Idan babu titi a kusa, babu gari, sai tarin kukoki a tsakiyar gona da tsingaro a ƙasa, to akwai yiwuwar kufai ne, gari ya taɓa zama a wurin.

Akwai kuma abin da ke iya ruɗar mai kallo. A jihar Tawa ta Nijar da wasu sassan Sahel, hoton sama kan nuna ɗaruruwan ƙananan ramuka masu siffar rabin wata a jere. Waɗannan sababbi ne, manoma ke yin su don tare ruwan sama da farfaɗo da ƙasar da ta mutu. Daidaituwar girmansu da jerinsu ke nuna haka.

Abin da waya za ta iya

Matakin farko shi ne tsofaffin hotunan Google Earth. Tun 2009 ake da su a manhajar kwamfuta, amma sai a watan Satumba na 2024 kamfanin Google ya kawo su waya da burauza. A nemo wurin, a kunna zaɓin tsofaffin hotuna, layin shekaru zai fito a kan allo, sai a riƙa ja baya. A garuruwa da yawa hotuna masu kyau suna komawa har farkon shekarun 2000, a ƙauyuka sukan yi ƙaranci. Shekara ashirin ta isa a ga kududdufi yana tsukewa, launinsa ya koma toka-toka saboda shara, sannan rufin kwano ya bayyana a kansa. A kula da watan da aka ɗauki kowane hoto, domin hoton Maris da na Satumba na wuri ɗaya kamar wurare biyu ne.

Mataki na biyu shi ne Sentinel-2, taurarin Tarayyar Turai da aka fara harbawa a 2015. Suna sake ɗaukar wuri ɗaya kusan duk kwana biyar, kuma ana duba hotunan kyauta a shafin Copernicus Browser, wanda ya fi daɗin amfani a babban allo. Amfaninsu shi ne suna ganin wani haske da idon mutum ba ya gani, wanda ruwa ke shanyewa, ganye kuma ke mayarwa. A hoton da aka sauya wa launi, ruwa kan fito baƙi, ganye mai rai ya fito ja. Wurin da ya yi baƙi a Satumba, ya kuma zauna ja a Janairu bayan ko'ina ya bushe, yana riƙe da damshi a ƙarƙashinsa.

Sai dai a san iyakar kowane hoto. Ɗigo ɗaya na hoton Sentinel-2 yana ɗaukar mita 10 a kan mita 10 na ƙasa. Filin ƙafa 50 da 100 kusan mita 15 da 30 ne, wato ɗigo huɗu zuwa biyar kacal. Hotunan Landsat na Amurka, waɗanda da su aka haɗa bidiyon Timelapse da ke farawa daga 1984, ɗigonsu mita 30 ne, filin bai fi rabin ɗigo ba. Don haka suna nuna babban tafki ko unguwar da ta cinye fadama, amma ba za su ce ga iyakar fili ɗaya ba. Haka bayanan tudu da kwari na SRTM, waɗanda kumbon Endeavour ya tattara a watan Fabrairu na 2000, su ma mita 30 ne, ƙaramin rami ba ya fitowa a ciki.

Mai son komawa baya sosai sai ya nemi hotunan CORONA. Taurarin leƙen asirin Amurka ne suka ɗauke su daga 1960 zuwa 1972, aka cire musu sirri a 1995, sun haura 800,000, kuma mafi kyawunsu suna nuna abin da ya kai kusan mita 2. Ana neman su a shafin EarthExplorer. Baƙi da fari ne, ba a ɗora su a kan taswira ba, sai mutum ya daidaita su da hannu a manhaja irin QGIS ta hanyar nemo dutse ko mahaɗar hanya da ba ta canza ba. Aikin kwamfuta ne, amma yana nuna gari kafin bulo da kwalta su rufe shi.

Na'urar da ta fi kowace iya wannan aiki ita ce LiDAR. Jirgin sama ke harba hasken lesa zuwa ƙasa yana auna lokacin dawowarsa, kwamfuta ta cire bishiyoyi da gidaje, a ga tsurar ƙasa da duk wani lotsawa da ke jikinta. Hukumar muhalli ta Ingila ta saki irin waɗannan bayanai kyauta tun 2015, shi ya sa mai waya a can zai iya ganin ramin da aka cike a gonar kakansa. LiDAR ɗin da ke cikin iPhone tun daga 12 Pro na 2020 kuwa bai wuce kusan mita 5 ba. Da manhaja irin Polycam ko Scaniverse zai iya ɗaukar siffar bakin rami ko guntun ganuwa, amma ba zai auna gona ba.

Me ya sa cikakken rami ke da haɗari

Kududdufai da yawa da shara aka cike su, daga baya a watsa jar ƙasa a sama. Shara tana ruɓewa, leda ba ta dannuwa, don haka ƙasa tana ci gaba da lotsawa shekaru bayan an gama gini. Mafi muni shi ne gidan da rabinsa ke kan tsohuwar ƙasa mai ƙarfi, rabi a kan ciko. Ɓangare ɗaya ya sauka ya bar ɗaya, tsagewa ta taso daga kusurwar taga ko ƙofa a karkace, ƙofa ta daina rufuwa. Rijiyar da aka tona a irin wannan wuri kuma ta cikin tsohuwar bola take ratsawa.

Sannan akwai ruwan sama. Kududdufi ma'ajiya ce, magudanan unguwa duk can suke nufa. Cike shi ba ya canza gangaren ƙasa. Ruwan zai zo inda ya saba zuwa, idan ya tarar da gida sai ya shiga, ko ya juya gidajen maƙwabta. Wannan ba ya nufin kowane kududdufi alheri ne. Sauro yana hayayyafa a ciki, yaran da ke wanka suna kamuwa da tsargiya, wasu kuma suna nutsewa. Amma shawarar cikewa ko gyarawa ta fi kyau idan an san ina ruwan zai koma.

Ramin kuza da na fasa dutse haɗarinsu daban ne. Babu gangaren da ƙafa za ta taka a hankali, taku ɗaya daga baki zurfi ne. Ruwan ƙasa ya fi na sama sanyi, ana iya samun ƙarafa da duwatsu a ciki, bangon ƙasa kuma yakan zube da mai tsaye a kansa. Kyan launin ruwa a hoto ba ya nuna komai game da wannan.

Sai an je an gani

Hoto yana ba da zato ne, ƙafa ke tabbatarwa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da sassafe ko gab da magariba, sa'ad da inuwa ke tsawo tana fito da ƙaramin lotsawa, ko kuma washegarin ruwan sama mai ƙarfi. A dubi ƙasa: baƙa ce mai tsagewa a tsakiyar jar ƙasa? Akwai leda da kwalabe a ramin da maƙwabci ya tona don harsashi? Katangun da ke kewaye sun tsage, ko akwai layin damshi a jikinsu? Kachala ko bado ko kainuwa a wani lungu alama ce ta ruwa mai daɗewa. GPS na waya kan kuskure da kusan mita 5 ko a fili, don haka a ɗauki alamar wuri fiye da sau ɗaya.

A karkara, a fara da gaida dagaci ko mai unguwa a faɗi abin da ya kawo mutum. Baƙon da ke zagaya gona yana ɗaukar hoto ana iya yi masa wata fassara, musamman inda ake fama da matsalar tsaro, kuma tashi da jirgi maras matuƙi yana da ƙa'idojin hukumar NCAA. Dattawa su ne taswirar da ta girmi tauraro. Tambaya ɗaya, "Baba, a da me ke nan wurin?", tana iya ba da sunan kududdufin, da wanda ya fara tona shi, da shekarar da aka cike shi. Sunayen unguwanni da suka haɗa da tafki ko kwari ko fadama su ma shaida ne.

Idan an ci karo da tsingaro mai yawa, ko kashin maƙera, ko guntun mutum-mutumi, a ɗauki hoto a bar shi inda yake, a sanar da gidan tarihi mafi kusa da ke ƙarƙashin hukumar NCMM. Abin tarihi yana rasa rabin bayaninsa da zarar an ɗauke shi daga gurbinsa.

Wanda zai sayi fili kuwa, idan tsohon hoto ya nuna ruwa ko shara a wurin, ya adana hoton da kwanan watansa, ya nuna wa injiniya, a yi gwajin ƙasa kafin a zuba harsashi. Ana iya gini a kan ciko, amma harsashinsa daban ne, kuɗinsa ma daban, kuma ya kamata farashin filin ya nuna haka. Wanda ba saye zai yi ba zai iya sa ramukan garinsu a taswirar OpenStreetMap da sunayen da mutanen gari ke kiransu, domin wanda zai zo duba wurin nan da shekara ashirin ya same su a rubuce.